Ƙasa mai gishiri a kan dutsen laka: a gyara ta ko a bar wa dabbobi?

Alhaji Ɗanlami, Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masana ƙasa da masana kiwo da ke zauren nan. Akwai fili hekta 40 wajen Fika a jihar Yobe da ake tayinsa, ana so a killace shi a zuba shanu da tumaki, a ɗan noma ciyawa a gefe. Da damina ruwa yana kwanciya a kwarinsa sati biyu ko uku, da rani kuma ƙasar ta dare, wani farin abu kamar gari ya fito a samanta. An haƙa rami, ba a kai ƙugu ba aka tarar da dutse mai ruwan toka yana ɓantarewa falle-falle. Wasu sun ce taki kawai take so, wasu sun ce a cika ta da ruwa a wanke gishirin. Ina gaskiyar take?

Injiniya Bala, Hotoro: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wannan dutsen da ka siffanta shi ne shel, laka ce da ta kwanta a gindin teku ta daskare. Sama da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ya ratsa yankin Gongola da Barno, shi ya bar wannan shimfiɗa, har masana duwatsu suka sa mata sunan garin Fika. Akwai 'yan uwanta a ƙasar Sakkwato, wajen Dange da Wurno. Mu nan Kano ba mu saba da ita ba, domin garin yana zaune ne a kan dutsen fa, ƙasarmu kuma jigawa ce mai shan ruwa, shi ya sa Bakano idan ya ga baƙar ƙasa sai ya ɗauka fadama ya samu.

Illar dutsen iri biyu ce. Ba ya barin ruwa ya wuce ƙasa, kuma shi kansa rumbun gishiri ne. Akwai wani ma'adini mai ƙibiritu a cikinsa wanda idan ya sha iska da ruwa yake rikiɗewa ya saki wani gishiri da ake kira salfet, ga kuma gishirin tekun da ya rage tun asali. Ruwan damina ya sauka, ya tsaya a kan dutsen, ya narkar da gishirin. Rani ya zo, rana ta janyo ruwan sama ta ƙananan kafofin lakar, ruwan ya ƙafe, gishirin ya zauna a fuskar ƙasa. Haka kowace shekara.

Malam Ibrahim, Gwale: To ai magana ta ƙare. A kawo injin ban ruwa a wanke abin.

Dakta Hadiza, Rijiyar Zaki: Malam Ibrahim, a wanke shi ya tafi ina? Wanki yana yiwuwa ne idan ruwan yana da mafita ta ƙasa. A ƙasar da ruwa yake wucewa, lissafin da aka saba yi shi ne: ruwa mai tsayin santimita 15 yana fitar da kusan rabin gishirin da ke saman santimita 30 na ƙasa, santimita 30 na ruwa yana fitar da kashi 80 cikin 100. Santimita 30 a hekta guda lita miliyan 3 ke nan, tanka mai lita 33,000 kusan guda 90. A hekta ɗaya fa. Kuma a kan dutsen laka wannan ruwan duk ba zai nutse ba, zai taru ne ya ɗaga ruwan ƙasa ya matso kusa da sama, gishirin ya dawo ya fi na da.

Amma kafin a kai nan, Alhaji, sai an san wane ciwo ne ma. Farin abin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙasa mai gishiri zalla: EC ɗinta, wato ma'aunin yawan gishiri, ya wuce 4, amma ƙasar tana nan a dunƙule, ruwa yana iya ratsa ta. Akwai kuma mai kanwa, wadda sodiyam ya mamaye lakarta, ya wuce kashi 15 cikin 100 na abin da lakar take riƙewa, pH ɗinta, wato ma'aunin tsami da kanwa, yakan haura 8.5. Ita wannan idan ta jiƙe narkewa take yi ta toshe kanta, idan ta bushe ta zama faƙo. Wani lokaci za ka ga baƙin tabo a samanta kamar an zubar da baƙin mai, ruɓaɓɓen ganye ne kanwar ta narkar ta fito da shi. Ta uku ta haɗa duka biyun, kuma ita ce ta fi yaudara: gishirin da ke cikinta shi ne yake riƙe da lakar. Ka wanke gishirin da ruwan daɗi ba ka sa komai ba, sai ta koma mai kanwa zalla, ta rufe ruf.

Alhaji Ɗanlami, Fagge: Dakta, akwai yadda mutum zai gane da kansa kafin a je ɗakin gwaji?

Dakta Hadiza, Rijiyar Zaki: Akwai, ranka ya daɗe. A samo ruwan sama, ko ruwan nan tatacce da ake ƙara wa batirin mota, kada a yi da na rijiya. A zuba a faranti mai haske, a ɗauko busassun ɓarɓashin ƙasa girman ƙwayar wake guda uku a ajiye a ciki a hankali, kada a motsa. A duba bayan minti 10, a sake dubawa bayan awa 2. In ɓarɓashin ya rushe kawai ruwan yana garau, da sauƙi. In wani hazo fari-fari ya kewaye shi, sodiyam ne. A yi wa ƙasar sama daban, ta ƙasa daban, domin sau da yawa ta sama lafiya lau, ciwon yana daga santimita 20 zuwa ƙasa.

Sai a ɗiga ruwan khal ko lemon tsami a kan busasshen dunƙule. In ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, wannan labari ne mai daɗi, zan faɗi dalili in an zo maganar magani.

Samfurin da za a kai gwaji kuwa a ɗebe shi a ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da gishirin ya gama hawowa. Zurfi uku: 0 zuwa 15, 15 zuwa 30, 30 zuwa 60. Kada a gauraya na faƙon da na inda ciyawa take, kowanne ledarsa, kowace leda rabin kilo daga ramuka kamar goma. Sashen kimiyyar ƙasa na BUK da cibiyar binciken noma ta IAR Samaru suna irin wannan aiki. A nemi EC, pH, yawan sodiyam, da ƙarfin riƙon lakar, wato yawan sinadaran da take iya riƙewa. A kuma tambaya ta wace hanya aka auna EC ɗin. In an dama ƙasa kashi 1 da ruwa kashi 5 ne, lambar da ta fito sai an ninka ta sau 6 zuwa 8 a ƙasar laka kafin a kwatanta da 4 ɗin nan. Mutane da yawa suna ganin 0.9 a takarda su ce alhamdulillahi, alhali ainihin lambar ta kusa 6.

Sadiya, Kabuga: Anti Hadiza, in ta tabbata mai kanwa ce, jifsam nawa za a zuba, wato farin ma'adinin nan da yake korar sodiyam daga laka?

Dakta Hadiza, Rijiyar Zaki: Ƙanwata, lissafi ne. Kowane ma'auni guda na sodiyam da kike son ki kora daga saman santimita 15 yana cin kimanin tan 1.8 na jifsam a hekta. Mu ɗauka lakar tana da ƙarfin riƙo 30, sodiyam ya kai kashi 25, kina so ki sauke shi zuwa 10. Bambancin kashi 15 ne, kashi 15 na 30 shi ne 4.5, ki ninka da 1.8, kin sami tan 8 da 'yan kai. Buhu mai kilo 50 sama da 160 a hekta ɗaya, kuma saman santimita 15 kawai aka taɓa. Ba a zuba shi a lokaci guda, domin lita guda ta ruwa giram 2 da ɗan ɗoriya kawai take narkarwa. A raba shi damina biyu ko uku, a niƙa shi ya yi laushi, a gauraya da saman ƙasar kawai, kada a binne shi da zurfi.

In ƙasar ta yi kumfan nan da na ce, ana iya amfani da farar wuta a madadinsa, kilo 190 yana tsayawa a matsayin tan guda na jifsam, sai dai yana son danshi da watanni kafin ƙwayoyin ƙasa su sarrafa shi.

Malam Ibrahim, Gwale: Buhu 160 sau 40? Ai kuɗin maganin ya fi kuɗin filin. Ba za a yi da toka ba, ko farar ƙasa, ko ragowar POP da masu silin suke zubarwa?

Malam Garba, Tarauni: Allah ya gafarta Malam, toka ita ce uwar kanwa, ƙara wa Barno dawaki za ka yi. Farar ƙasa kuma ba ta narkewa a ƙasar da pH ɗinta ya hau, tana nan kwance sai ka ce tsakuwa. POP jifsam ne da aka gasa, sabonsa in ya sha ruwa daskarewa yake yi, tsohonsa kuma sai an daka shi sosai, ga fenti da zare a jiki. Ɗanyen jifsam shi ne daidai, kuma abin mamakin, a cikin wannan dutsen na Fika ake tono shi, masu siminti ma daga yankin suke saye. In ka ga wasu duwatsu masu ƙyalli kamar fasasshen gilashi a cikin ramin, waɗanda farce yake iya kartarsu, shi ne.

Amma na yarda da kai a kan kuɗin. Wannan fili makiyaya ce, ba gonar tumatir ba. Abin da saniya za ta ci a hekta guda ba zai biya buhu 160 ba har abada. A ware hekta ɗaya ko biyu mafi dama-dama a yi musu wannan hidima don ciyawar yanka, sauran a bi su da dabarar kiwo.

Injiniya Bala, Hotoro: Kafin Malam Garba ya shiga dabarar kiwo, bari in ja kunne a kan abu uku da masu kuɗi suke saurin yi.

Tarakta da babbar garma. In aka kifar da ƙasar, lakar ƙasa mai sodiyam ita za ta dawo sama, 'yar fatar kirki da take riƙe da iri ta tafi ƙasa. Shekaru za a yi ana kallon faƙo. Sai fa in rami ya nuna akwai shimfiɗar jifsam kusa, a nan tsaga ƙasar ba tare da kifarwa ba yana da amfani.

Madatsa ko tafki. Laka mai kanwa ba ta riƙe bango. Ruwa yana samun 'yar tsaga ya narkar da ita ta ciki, ya yi rami kamar na gafiya, wata rana da ruwan farko bangon ya ɓalle. In dole ne, a gauraya jifsam a cikin ƙasar bangon, a daddanne ta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, da ɗan danshi.

Rijiyar burtsatse. Ruwan da ke cikin dutsen laka kaɗan ne kuma zartsi ne. Ruwan kirki a yankin yana cikin dutsen yashi, irin na Bima da ke can ƙarƙashi, kuma shel ɗin yana iya yin kauri ƙwarai kafin a kai shi. A yi awon ƙasa tukuna. In za a huda, duk tsawon shel ɗin a sa bututu marar huji a liƙe bayansa da siminti, in ba haka ba zartsin sama zai gangaro ya ɓata na ƙasa.

Sadiya, Kabuga: Yaya Bala, magudana fa? A Kadawa ai da magudanai ake fitar da ruwan da ya yi yawa.

Injiniya Bala, Hotoro: A Kadawa da Kura ruwan Tiga ne mai daɗi yake zuwa ta kanal, matsalar can ruwa ne ya yi yawa inda magudanai suka cushe. Nan kuwa bututun ƙarƙashin ƙasa ba ya jan ruwa daga lakar da ta toshe sai an jera su kusa-kusa, kuɗin ba na makiyaya ba ne. Abin da zai yiwu shi ne magudana marar zurfi mai faɗi, santimita 20 zuwa 30, mai gangare a hankali, a bar ciyawa ta rufe ta. In aka yanka ta da zurfi ta taɓa lakar ƙasa, damina biyu ta zama kwazazzabo. A kuma duba inda ruwan zai ƙare, kada a juye wa maƙwabci gishiri a gona.

Sannan a ɗaga kai a dubi tudun da ke saman filin. Sau da yawa can ne tushen abin: an sare itatuwa masu dogon saiwa, ruwan da suke sha ya nutse, ya bi saman dutsen a kwance, ya ɓullo a gindin gangaren da gishirinsa. Manoman Montana a Amurka sun sha wannan a kan irin dutsen nan, kuma maganin da ya yi musu aiki shi ne shuka ciyawa mai dogon saiwa a tudun, ba a inda farin yake ba. A dasa bututun roba mai huji a rami mai zurfin mita 2, ko iya inda dutsen ya bari, a riƙa auna ruwan kowane wata. Muddin tsakanin ruwan da fuskar ƙasa bai kai mita ɗaya da rabi ba, gishiri zai ci gaba da hawowa.

Malam Garba, Tarauni: Madalla. Dabarar kiwon kuwa kanta guda ne: kada a bar ƙasar tsirara. Duk inda inuwa ta rufe, ƙafewar ruwa tana raguwa, hawan gishiri yana raguwa. Don haka ba ƙona daji, ba kiwo har ƙasa, a bar tsawon tafin hannu na ciyawa. Faƙon a shimfiɗa masa kara, ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, rassan ƙaya, a watsa kashin shanu. Rassan suna tare ƙura da irin ciyawa da iska take kawowa, gara kuma ta huda ƙasar.

Kwarin a killace shi daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Kofaton saniya a kan jiƙaƙƙiyar laka kirɓa ta yake yi, abin da aka gyara a shekara biyu ya lalace a sati guda. In da hali a hutar da mafi lalacewar damina biyu cur.

Abin shuka: kiri-kiri yana jure EC har kusan 7 kafin ya fara raguwa, kuma da saiwa ake dasa shi. Ciyawar Rodas ma tana jurewa inda ruwan sama ya ishe ta, a nemi iri wajen cibiyar binciken kiwo ta NAPRI Shika. Gamba a kai ta tudu. Itatuwa: bagaruwa da dushe sun saba da laka mai kwanciyar ruwa, aduwa da goruba a gefe. Iri ko dashe kada a sa shi a ƙoƙuwar kunya, can gishiri yake taruwa, a sa shi a kafaɗarta. A kuma jira ruwa biyu ko uku masu ƙarfi su sauka tukuna, domin tsiro ya fi babba jin gishiri.

Malam Ibrahim, Gwale: Masakwa fa? A firkin Barno ai baƙar laka ce ake dasa ta bayan ruwa ya janye.

Malam Garba, Tarauni: Tana iya yi in lakar mai tsagewa ce kuma ba ta yi hazo a farantin Dakta ba. Dawa tana jure EC har 6.8, wake 4.9, masara kuwa daga 1.7 ta fara kuka, albasa tun 1.2. A gwada a kwata hekta kafin a buɗe baki. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne Prosopis, itacen ƙayan nan da aka shigo da shi daga waje. Yana jure gishiri, gaskiya ne, amma dabbobi suna baza irinsa a kashi, ya cinye makiyayar, a tambayi mutanen bakin tafkin Chadi.

Dakta Auwal, Zoo Road: Ku bar ni in yi magana a madadin shanun, Yallaɓai. Ƙasa mai gishiri ba abokiyar gabar makiyayi ba ce in yana zuwa ya tafi. Kowace shekara a ƙarshen damina Fulani da Buzaye suna kora garkuna zuwa Ingal a Nijar, fili ne na laka mai gishiri, dabbobi su ci ciyawar su sha ruwan su murmure. Amma makonni suke yi su wuce. Killace dabba a kai shekara zagaye wani abu ne daban, kuma ruwan sha shi ne zai yanke hukunci.

A ninka EC na ruwan da 640, a sami miligiram a lita. Ƙasa da 3,000 shanu suna sha lafiya. Daga 3,000 zuwa 5,000 za su yi zawo da farko kafin su saba. Daga 5,000 zuwa 7,000 a hana masu ciki da masu shayarwa da 'yan maruƙa. Ya wuce 10,000 ba na sha ba ne. Tumaki sun fi shanu juriya, raƙumi ya fi kowa, kaji kuwa su ne ragwaye. Ruwan kududdufi da aka auna a Oktoba ba shi ne na Maris ba, yana ƙafewa yana ƙara kauri, don haka a sake awo.

A kan dutsen laka jimillar gishiri ba ta isa ba, a auna salfet daban. In ya wuce 1,000 yana hana jiki amfani da sinadarin jan ƙarfe (kofa), baƙar saniya ta koma ja-ja, maruƙa su ƙi girma. In ya yi yawa ƙwarai yana taɓa ƙwaƙwalwa: dabba ta makance, ta riƙa dafa kai a bango, ta faɗi. Allurar bitamin B1 tana ceto in an yi saurin ganewa, tare da canza ruwan nan take. A sa a duba sinadarin seleniyam ma, domin a jihohin Dakota na Amurka yawansa a irin wannan dutse ya sa gashin wutsiya zubewa da kofato tsagewa.

Kuma kada a ci gaba da jibga musu kanwa da manda kamar suna jigawa. Ga kwarin da ruwa yake kwanciya, katantanwa tana nan, ciwon hantar da take yaɗawa yana nan, a ba da magani a ƙarshen damina.

Alhaji Ɗanlami, Fagge: Allah ya saka da alheri. To shanu nawa hekta 40 ɗin za ta ɗauka?

Malam Garba, Tarauni: Sai an auna, Alhaji. A ƙarshen Satumba a yanke ciyawar murabba'in mita guda a wurare 20, har da faƙon, kada a zaɓi masu kyau kawai. A shanya ta bushe ƙarau, a auna, a raba da 20. Giram 50 a mita guda kilo 500 ke nan a hekta. Kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafa wa dabba, sauran na ƙasa ne da gara da tattakewa. Saniya mai kilo 250 tana cin kilo 6 da kwata na busasshen abinci a rana, kusan tan 2.3 a shekara. In awon ya ba da kilo 500, saniya ɗaya tana son hekta 13 zuwa 14, wato filin gaba ɗaya shanu uku. In ya ba da 1,500, shanu tara.

Malam Ibrahim, Gwale: Uku? Inna lillahi.

Dakta Auwal, Zoo Road: Shi ya sa ya fi dacewa da tumaki na wata huɗu ko biyar bayan kaka, a haɗa musu da harawa da dusa, a sayar kafin ruwan ya yi kauri. Tunkiya takwas zuwa goma ake lissafawa a matsayin saniya ɗaya.

Dakta Hadiza, Rijiyar Zaki: Alhaji, kada a biya ko sisi sai an haƙa ramuka a ƙalla shida, biyu a tudu, biyu a gangare, biyu a kwari, a rubuta zurfin da aka tarar da dutsen a kowanne. Inda ƙasar ta kai mita ɗaya kafin dutse nan ne wurin ciyawar yanka da shingen kwana. Inda ba ta kai rabin mita ba a cire shi daga lissafin ciniki. In sakamakon gwajin ya fito a turo hotonsa nan, tare da zurfin kowace leda.